A daina cewa "mummunan gashi" idan an zo kan ƙaɗaɗ

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi ƙorafi a kan fassarar wata kalma ta Larabci da ake yawan ambata a masallatai da zauruka duk lokacin da aka buɗe littafin siffofin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, musamman a watan Maulidi. Kalmar ita ce ƙaɗaɗ: ƙaf, sai ɗa mai hannu guda biyu a jere.

Ni malamar Islamiyya ce, matan aure nake karantarwa da yamma. Mahaifiyata kuma, Allah ya jiƙanta, makitsiya ce, a gefen tabarmarta na tashi ina miƙa mata tsinke da man shanu. Saboda haka maganar gashi na san ta a littafi, na kuma san ta a hannu.

Kalmar ta fi shahara a hadisin Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi hidima shekara 10. Da shi Imamu Tirmizi, wanda ya rasu a shekara ta 279 bayan Hijira, ya buɗe littafinsa na Shama'il, kuma yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Anas ya ce Annabi ba dogo ba ne zanƙalele, ba kuma gajere ba. Ba fari fat ba ne, ba kuma baƙi ba. Sannan ya ce "wa la bil ja'adil ƙaɗaɗi wa la bis sabɗi". Wato gashinsa bai kai matuƙa wajen nannaɗewa ba, bai kuma miƙe sambal ba. Tsakani yake.

A Maulidin da ya wuce ina tsakar gida ina tsince shinkafa, lasifikar wani masallaci tana kawo mini karatu. Mai ja ya kawo wannan gaɓa, sai malamin ya fassara: "Kuma shi ba mai mummunan gashi ba ne, irin cukurkuɗaɗɗen nan namu." Na ji zauren ya ɗauki dariya. Da aka zo kan sabɗ kuwa sai ya ce "mai kwantaccen gashi", ya wuce abinsa, bai haɗa masa da muni ba. Alhali Anas kore su ya yi duka biyun, da harafi ɗaya, a numfashi ɗaya. Ba shi kaɗai ne mai yin haka ba, shi ya sa ma ba zan kama suna ba. Na sha jin irinta a rediyo da cikin karatuttukan da ake turawa ta WhatsApp.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya biyo baya a ajina. Wata ɗaliba ta tambaye ni, fuskarta ba wasa: "Malama, ashe gashinmu aibi ne a addini?" Kafin in amsa wata ta ce ita ɗanta na fari gashinsa a dunƙule yake ƙuli-ƙuli, kuma tun da yaran gidan suka ji wani wa'azi a kan alamomin tashin kiyama suka laƙaba masa "kan Dujal". Yaron yanzu ko tsakar gida ba ya fitowa ba hula. Shekarunsa ba su kai na shiga sakandare ba.

To mene ne ƙaɗaɗ a wurin masu harshen? Tirmizi da kansa bai bar mu cikin duhu ba. Bayan ya kawo hadisin Sayyidina Ali, inda ya ce gashin Annabi "ja'adan rajilan" ne, sai ya kawo bayanin Asma'i, babban malamin lugga na Basra: ƙaɗaɗ shi ne mai tsananin nannaɗewa, rajil kuwa shi ne wanda yake da ɗan lanƙwasa kaɗan. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ba muni, ba ƙazanta, ba cukurkuɗewa. Ibnul Asir, wanda ya rasu a 606, ya maimaita wannan ma'ana a littafinsa na baƙin kalmomin hadisi, Annihaya, har ya ƙara da cewa wasu sun ce ƙaɗaɗ shi ne mai kyakkyawar nannaɗewa, ko da yake ma'anar farko ta fi yawa. Ashe ke nan inda ma aka samu saɓani, wajen kyau ya karkata.

Asalin kalmar yana da daɗin bi. Daga ƙaɗɗa take, wato yanka abu a gicciye. Larabawa suna bambanta shi da ƙadda, da dal, wanda yake nufin tsaga abu ta tsawonsa, kamar yadda aka faɗa game da rigar Annabi Yusuf da aka tsage ta baya. Duk wanda ya yi makarantar allo ya taɓa yin ƙaɗɗ da hannunsa ko bai san sunansa ba. Idan za ka gyara alƙalamin gamba, sai ka fiƙe shi da reza ta gefe da gefe, ka tsaga bakin, sannan ka ɗora shi a kan wani abu mai tauri ka datse ɗan tsinin a gicciye don ya samu bakin rubutu. Wannan datsewar ta ƙarshe ita ce ƙaɗɗ. Daga gidan ne kuma "faƙat" ɗin da muke rufe magana da ita ta fito: an datse, ba ƙari. Ibnu Faris, wanda ya rasu a 395, mutum ne mai son mayar da kowace kalma ga tushenta, ya ce an kira gashin ƙaɗaɗ ne saboda yana tattarewa ya koma ciki, kamar an datse shi.

Wannan "kamar" ɗin nasa, duk makitsiya ta san gaskiyarsa. Za a kawo wa Inna, wato mahaifiyata, yarinya bayan an wanke mata kai, gashin ya dunƙule, a ido bai wuce gaɓar yatsa biyu ba. Uwar tana ba da haƙuri tun daga bakin ƙofa: "Ki yi haƙuri Yaya, 'yar tawa ba ta da gashi." Inna ba ta cewa komai. Sai ta zaunar da yarinyar tsakanin gwiwoyinta, ta kama sili kaɗan daga tsakiyar kai ta ja a hankali, sai ga shi ya sauko ya wuce kunne, wani lokaci har kafaɗa. Ta saki, ya koma mazauninsa. Sannan ta ce da uwar, "Wannan fa na wane ne?" Tsawon yana nan, a naɗe yake. Masu binciken fata sun bayyana dalili: ramin da irin wannan gashi yake tsirowa daga ciki a lanƙwashe yake, silin kuma ba zagayayye ba ne, ya ɗan baje, don haka yana fitowa yana murɗawa. Saboda lanƙwasar ne ma maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili, sai gashin ya bushe da wuri. Inna ba ta san wannan bayani ba, amma ba ta taɓa sa kum a busasshen kai ba. Sai ta yayyafa ruwa, ta murza man shanu ko man kaɗe a tafin hannu, ta raba kan gida huɗu, ta fara tajewa daga baki tana hawa zuwa tushe. Yarinyar da ake dannewa a gida tana ihu, a wurinta har gyangyaɗi take yi.

Abokiyar tafiyar ƙaɗaɗ, wato ja'ad, ita ma tana da nata labarin. Ibnul Asir ya ce idan aka siffanta namiji da ita tana iya zama yabo, tana iya zama zargi. Yabon shi ne mutum ya zama ɗaurarren jiki mai ƙarfi, ko gashinsa ya zama nannaɗaɗɗe, domin miƙaƙƙen gashi ya fi yawa a wurin Ajamawa. Ku lura da wannan: a wurin Larabawan farko naɗin gashi alamar ɗan gida ce, miƙewarsa kuwa alamar baƙo. Zargin kuma shi ne gajarta da rowa, shi ya sa suke ce wa marowaci ja'adul yadaini, mai dunƙulallen hannu. Har suna suke raɗawa da ita. Akwai ƙabilar Banu Ja'ada, wadda mawaƙin nan sahabi Nabigatul Ja'adi ya fito daga cikinta, akwai kuma Aliyu ɗan Ja'ad, ɗaya daga malaman Imamu Buhari.

Na san akwai ɗalibin ilmi da zai karanta wannan wasiƙa ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da Lisanul Arab, ƙamus ɗin Larabci na Ibnu Manzur, don haka bari in riga shi. Gaskiya ne, a can an rubuta cewa naɗin gashi yabo ne sai fa idan ya zama ƙaɗaɗ mufalfal irin na Zanju (baƙaƙen gaɓar gabashin Afirka) da Nuba, to a lokacin zargi ne. Mufalfal daga filfil take, wato gashin da ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar 'ya'yan masoro. Ban musa ba. Amma aikin mai ƙamus shi ne ya rubuta yadda mutane suke magana, da abin da idonsu yake so da wanda ba ya so. Larabawan wancan zamani mafi yawan masu irin wannan gashi da suka sani bayi ne da aka kawo daga Habasha da Nuba da gaɓar gabashin Afirka, sai raina bawa ya shafi gashin bawa. Wannan ɗabi'ar mutane ce, kuma kowace al'umma tana da irin tata. Ba hukuncin shari'a ba ne, ba kuma a bakin Anas aka ji shi ba. Malamin da ya ɗebo ra'ayin wasu mutane game da kyau ya zuba a cikin fassarar hadisi, almajiransa za su tafi gida suna zaton Annabi ne ya faɗa.

Ai ma hadisi ya yi magana da wannan raini kai tsaye. Buhari ya ruwaito daga Anas ɗin dai cewa Annabi ya ce ku ji ku bi ko da an shugabantar muku da bawa Bahabashe wanda kansa yake kamar zabibi. An ɗauko siffar da masu sauraro suka saba rainawa, aka ce ko ita ce a kan shugabanku, biyayya ta wajaba. Kuma ba a daɗe ba aka gani a aikace. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin Banu Umayya, wanda ya rasu wajen shekara ta 114, masu tarihi sun siffanta shi da cewa baƙi ne, mai shimfiɗaɗɗen hanci, mai gashi mufalfal. A lokacin aikin Hajji har shela ake yi cewa kada kowa ya ba da fatawa sai shi. Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya zo da 'ya'yansa biyu ya zauna a gabansa yana tambayarsa hukunce-hukuncen Hajji. Idan irin wannan gashi abin dariya ne a zauren karatu, to a san da wa ake yi.

Saura maganar Dujal, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. E, ya tabbata an siffanta shi da ƙaɗaɗ. A hadisin Nawwas ɗan Sam'an da ke cikin Muslim an ce saurayi ne ƙaɗaɗ. Amma mai wa'azin da ya tsaya a nan ya yi tuya ya manta da albasa. A hadisin Abdullahi ɗan Umar, inda Annabi ya ba da labarin mafarkin da ya yi yana ɗawafi, ya ga mutum biyu. Na farko mai duhun fata ne, kyakkyawa, gashinsa tajajje yana ɗigar da ruwa, aka ce masa wannan Annabi Isa ɗan Maryam ne. Na biyu kuwa ja ne, jibgege, mai nannaɗaɗɗen gashi, mai ido ɗaya, aka ce wannan Dujal ne. Ahmar aka ce, ja, kamar dai yadda mu ma muke ce wa farin mutum ja. Har aka faɗi wanda ya fi kama da shi, Ibnu Ƙaɗan, wani Balarabe ɗan ƙabilar Huza'a da ya mutu tun zamanin jahiliyya. (Sunan nan da nun ya ƙare, ba shi da haɗi da kalmar da muke magana a kai, don na taɓa jin wani ya gwama su.) To idan siffar jiki ce take sa mutum ya zama ɗan uwan Dujal, sai jajaye da masu ƙiba da duk saurayi su ma su nemi hula. Ba wanda ya taɓa cewa haka, domin kowa ya gane kwatance ake yi don a shaida mutum idan ya bayyana. Annabi Musa ma, a ruwayar Ibnu Abbas ta daren Isra'i, an ce mai duhun fata ne, dogo, ja'ad, kamar mutanen ƙabilar Larabawa ta Shanu'a. Malamai sun yi saɓani ko gashinsa ake nufi ko ɗaurewar jikinsa, amma ko wanne ne, kalmar ta hau kan Annabi mai girma ba ta rage shi da komai ba.

Ba ina cewa siffar Manzon Allah ba ita ce mafi cika ba. Ita ce, ba Musulmin da yake jayayya a nan. Sai dai kasancewarsa tsakatsaki bai mayar da kowane gefe aibi ba. Sayyidina Umar dogo ne sosai, Abdullahi ɗan Mas'ud gajere ne siriri, ban taɓa jin an fassara tsawo ko gajarta da muni a wannan hadisi ba. Gashi kaɗai ake yi wa haka, shi ma ta gefe ɗaya, gefen da ya yi kama da namu.

Ina ganin wani ɓangare na matsalar daga Hausar tamu ne. Muna da kalmomi da yawa na gashin da aka yi wa sakaci: ya cukurkuɗe, ya yi gizo, ya yi buzu-buzu, ya cunkushe. Duk waɗannan halin da gashi yake shiga ne idan an daɗe ba a tsefe ba, ba a wanke ba, ba a taje ba. Gashin Bafulatana ko na Ba'indiya ma idan aka bar shi wata uku zai cukurkuɗe. Amma kalmar da za ta faɗi halittar gashinmu kawai, ba yabo ba zargi, ba mu cika amfani da ita ba, wataƙila don abin da kowa yake da shi ba a damuwa da raɗa masa suna. Sai malami ya zo kan ƙaɗaɗ, ya laluba, hannunsa ya faɗa kan kalmar sakaci ya ɗora ta a kan halitta. Shi kuwa sakaci da gashi, shi ne abin da addini ya yi magana a kai: Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda yake da gashi ya girmama shi.

Wurin yabo kuwa kalmominmu duk gefe ɗaya suka kwanta. Ku buɗe littattafan soyayya da 'ya'yanmu suke karantawa a waya. Tauraruwar labari fara ce sol, gashi yala-yala har gadon baya, kamar ruwa biyu. Idan an ce mace "tana da gashi" ana nufin mai tsawo da santsi. Wadda kanta yake cike taf da gashi mai ƙarfi, baƙi wuluk, ita ce "ba ta da gashi". Daga nan sai a kai yarinya 'yar shekara biyar shago a lafta mata rilaksa don ta yi kyau ranar Sallah. Da yawa daga cikin mayukan nan da soda mai ƙuna ake haɗa su, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Na ga ƙeyar yara ta saɓule, na ga gaban goshin matan da ba su kai talatin ba ya zama fili. Matar da ta girma ta zaɓi ta miƙar da gashinta, ruwanta, ban ce haramun ba ne. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce mata daga kan mumbari wanda Allah ya ba ta mummuna ne.

Wanda yake ganin na cika zafi a kan kalma ɗaya ya dubi Amurka. Suna da wata kalma, nappy, wadda asalinta daga masaƙa ne, ɗan gashi-gashin da yake tashi a fuskar yadi. Kwatance ce kawai da farko, amma zamanin bauta ya mayar da ita zagi a kan gashin baƙaƙe. A watan Afrilu na 2007 wani shahararren mai gabatar da shiri a rediyo, Don Imus, ya jefi 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Rutgers da ita, haɗe da wata kalmar batsa, ƙasar ta ɗauki zafi har gidan rediyon CBS ya sallame shi. Sai a 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda gashinsa na halitta ko kitsonsa. Su wasu ne suka yi musu. Mu kuwa da bakinmu muke yi wa kanmu, a zauren da kusan duk wanda ya yi dariyar, in ya cire hula ya bar askin wata biyu, ƙaɗaɗ ɗin ne a kansa.

Roƙona ga malamanmu masu fassara, da masu shafin addini na wannan jarida, mai sauƙi ne. Idan an zo kan ja'ad a ce "mai nannaɗaɗɗen gashi". Idan an zo kan ƙaɗaɗ a ce "mai tsananin nannaɗewa", ko "murɗaɗɗe sosai", kamar yadda Asma'i ya faɗa. Sabɗ kuma "miƙaƙƙe", rajil "mai ɗan lanƙwasa". Idan ana son misali don mutane su gane, ba laifi a ce "irin na mafi yawanmu", a tsaya nan. Mai wa'azin alamomin kiyama kuma ya karanto siffar Dujal cikakkiya, da jan da ƙibar da ido ɗayan, ya gaya wa yara cewa alamar da aka fi nanatawa ita ce idon da kuma kaf, fa, ra da ke rubuce tsakanin idanunsa. Idan akwai masanin Hausa a cikin masu karatu da ya san wata tsohuwar kalma guda, ta Sakkwatanci ko Katsinanci ko ta mutanen Damagaram, da take nufin wannan halitta ta gashi ba tare da raini ba, ina roƙonsa ya aiko da ita ta wannan shafi, zan kai wa ɗalibaina.

Wassalam.

Wata malamar Islamiyya,
Tudun Wada, Zariya.